Wane Albam Ne Gwarzon 2024? Musun 'Yan Rok a Ɗakinmu

Duk wanda ya kwana a hostal ɗinmu a makon da aka gama jarabawa ya ji hayaniyar da ta tashi daga ɗakinmu. Wasu sun ɗauka musun ƙwallo ne, Madrid da Barca, kamar yadda aka saba. Wani maƙwabcinmu har ƙofa ya ƙwanƙwasa yana tambaya ko waya aka sace. Ba ko ɗaya. Mu biyar ne da 'yar sifika mai caji, muna neman tsayar da magana a kan wane albam na kiɗan rok ne ya fi kowane a shekarar 2024.

Na san wani zai ce, "Rok kuma? A makarantar nan?" E, a nan. Ba mu da yawa, gaskiya ne. Idan ka bi ta shagunan caji ko kafteriya, Hamisu Breaker za ka ji, ko Ado Gwanja, ko Asake. Mu ma muna jinsu. Amma akwai 'yan tsiraru da suka kamu da son ƙarar jita, kuma da na ga yadda musun nan ya kusa raba abokai biyu, sai na ga ya kamata in zauna in yi bayanin abin da ake musu a kansa, da dalilin da ya sa ba ya ƙarewa.

Mene ne rok ɗin ma tukuna?

Kiɗa ne da ya tashi a Amurka a shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fata da ake kira bulus. Chuck Berry da Little Richard na cikin waɗanda suka kafa shi, Elvis Presley ya kai shi gidajen Turawa, sannan a shekarun 1960 samarin Ingila irin su Beatles da Rolling Stones suka karɓa suka zaga duniya da shi. Kayan aikinsa ba su da yawa: jitar lantarki ɗaya ko biyu, jita mai babbar murya da ake ce wa bes, ganguna, sai mai waƙa.

Abin da ya fi bambanta shi a kunne shi ne gurnanin jitar nan, kuma 'yan sashen lantarki za su gane yadda ake samunsa nan take. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. Idan aka kaɗa tsirkiyar ƙarfe, girgizarta na haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, a tura ta amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi. To idan aka tura wa amfilifaya fiye da abin da zai iya ɗauka, sai ya datse kan igiyar sautin, murya ta fito a dishe, da kaushi. A lakca, wannan aibi ne da ake koya mana yadda za mu kauce masa. 'Yan rok kuwa shi suke nema, har na'ura suke saya su taka da ƙafa don su same shi.

Me ya sa albam, ba waƙa ɗaya ba?

Mu da muka taso da tura waƙa ta Xender da Bluetooth, ɗaiɗai muka saba ji. Masu rok ba haka suke auna mawaƙi ba, kuma dalilin tarihi ne. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan garmaho mai dogon zango, wanda kowace fuska tasa ke ɗaukar minti ashirin da 'yan kai. Fuska biyu, minti arba'in zuwa arba'in da biyar ke nan. Wannan ma'aunin ya zauna, har yau da babu faifan a hannun yawancin mutane. Mawaƙa suka koyi shirya waƙa takwas ko goma ko sha biyu a jere: wace za ta buɗe, wace za ta kwantar da hankali a tsakiya, wace za ta rufe. Saboda haka idan aka ce "albam na shekara", ana nufin aikin gaba ɗaya. Mai waƙa biyu masu zafi da takwas na cike gurbi ba ya shiga takara.

Wannan ce dokar farko da muka kafa a ɗakinmu: ba ka da bakin magana a kan albam sai ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe, ba tsallake. Dokar nan kaɗai ta cinye mana data ba kaɗan ba.

'Yan takara biyar

Na farkonmu, ɗan HND a sashen kwamfuta, ya tsaya a kan From Zero na Linkin Park, wanda ya fito ranar 15 ga Nuwamba. Ƙungiyar nan ce ƙofar da yawancinmu muka shiga rok ta cikinta, musamman ta aikin da suka yi da Jay-Z a 2004. Mawaƙinsu Chester Bennington ya rasu a Yulin 2017, suka yi shiru shekara bakwai, sai a Satumbar 2024 suka dawo da mace, Emily Armstrong, a matsayin mai waƙa. Masoyansu suka rabu biyu, wasu na murna, wasu na cewa gara a sauya suna. Albam ɗin gajere ne, minti talatin da kaɗan, kuma ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, lamba biyu a Amurka. Hujjar mutumin namu: "Malam, jama'a sun riga sun yi zaɓe da kuɗinsu. Me ya rage?"

Na biyu ya zaɓi Songs of a Lost World na The Cure, tsofaffin Ingila da suka yi shekara 16 ba su fitar da sabon albam ba. Waƙa takwas ce, kusan minti hamsin, kuma a ta farko sai an yi fiye da minti uku ana kiɗa kafin Robert Smith ya buɗe baki. Mutumin yana da shekara 65 a lokacin, yana waƙa ne a kan tsufa da mutuwar iyayensa da ta yayansa. Abokinmu da ya zaɓe shi ya rasa yayansa a bara. Bai kawo wannan a matsayin hujja ba, mu ma ba wanda ya ɗaga zancen, amma kowa ya sani.

Na uku, ɗan lantarki, ya ce No Name na Jack White ko ba komai. Ranar 19 ga Yuli, masu sayayya a shagunan faifansa na Detroit da Nashville da Landan suka tarar an jefa musu farin faifai a jaka kyauta, ba sunan mawaƙi, ba sunan waƙa. Sai da suka je gida suka ɗora suka gane sabon albam ne. Kiɗan ciki ɗanye ne, jita da ganga da ihu, kamar a gareji aka ɗauka. Ɗan lantarki ya ce shi ne rok na asali, sauran duk an yi musu kwalliya da kwamfuta.

Ni kuma Romance na ɗauka, na Fontaines D.C., samarin birnin Dublin na ƙasar Ireland, albam ɗinsu na huɗu, wanda ya fito a Agusta. Abin da ya ja ni shi ne ba waƙa biyu da suka yi kama da juna, amma idan ka ji su a jere ka san hannu ɗaya ne ya ɗinka su.

Na biyar shi ne wanda ya tayar da ƙura. Ɗan kan iyaka ne, mahaifinsa a Illela, dangin mahaifiyarsa a Birnin Ƙonni. Ya ce Funeral for Justice na Mdou Moctar, wato jana'izar adalci, wanda ya fito ranar 3 ga Mayu. Kafin ya rufe baki ɗan kwamfuta ya ce, "Haba aboki, rok muke magana, ka kawo mana kiɗan bikin Buzaye?" Daga nan murya ta fara tashi. Zan dawo kan wannan, don shi ne zuciyar maganar.

Me ya sa manya ma ba su daidaita ba?

Da musu ya yi zafi sai muka ce a duba abin da masana suka ce. Nan muka tarar su ma kowa da kiɗinsa. Mujallar Mojo ta Ingila ta ba Jack White lamba ɗaya. NME, ita ma ta Ingila, ta sa Fontaines D.C. a na biyu, a bayan Brat na Charli XCX, wanda ba rok ba ne sam. Sannan a bikin Grammy na 2 ga Fabrairun 2025, kyautar albam ɗin rok ta tafi hannun Rolling Stones, waɗanda jagoransu Mick Jagger ke da shekara 81 a lokacin. Dalilan wannan saɓani uku ne, kuma duk mai son shiga irin wannan musu ya kamata ya san su.

Na ɗaya, su wa ke zaɓen? Jerin mujalla ra'ayin marubutanta ne, a tara a yi lissafi. Mojo ta masu son tsohon salo ce, NME ta fi karkata ga matasa. Grammy kuwa 'yan sana'ar ne ke kaɗa ƙuri'a, mawaƙa da masu haɗa sauti da marubuta waƙa, kuma sananne yakan fi samun hannu a irin wannan zaɓe. Jerin ciniki shi kuma yawan saye da saurare yake ƙirgawa, ba ruwansa da kyau ko muni.

Na biyu, yaushe shekara take farawa? Hackney Diamonds da Rolling Stones suka ci kyauta da shi a Oktoban 2023 ya fito. Shekarar Grammy ta wannan zagaye ta fara ne daga 16 ga Satumbar 2023 zuwa 30 ga Agustan 2024. Ke nan The Cure da Linkin Park, da suka fito a Nuwamba, ko fili ba su shiga ba. Mujallu kuma tun ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba suke sakin jerinsu, don haka wanda ya fito a makare ba a gama narkar da shi ba ake yanke masa hukunci.

Na uku, kuma mafi girma: wa ya yanke cewa wannan rok ne, wancan ba rok ba?

Maganar akwati

Mdou Moctar sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga jihar Tahoua a Nijar. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, kamar Jimi Hendrix. Abin da ya sa ɗakinmu ya yi tsit shi ne da ɗan Illela ya faɗa mana inda aka ɗauki albam ɗinsa na farko, Anar, a 2008: a Sakkwato. Da irin na'urar gyaran muryar nan ta waƙoƙin finafinan Hausa aka yi shi. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, a faɗin Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya ya sa a wani kundi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, na waƙoƙin da aka tattaro daga wayoyin mutanen hamada. Yau kamfanin Matador na New York, wanda aka san shi da 'yan rok, shi ke fitar da aikinsa. Ƙungiyar mutum huɗu ce: jita biyu, ganguna, da bes a hannun wani Ba'amurke, Mikey Coltun. Tsarin da na lissafa a sama ke nan, ba ragi ba ƙari.

To me ya hana a kira shi rok? Ɗan kwamfuta yana da 'yar hujja, kada a zalunce shi. Kiɗan jitar Abzinawa, wanda su suke kira assuf, wato kewa, yana da nasa gini. Akwai amshi tsakanin mai bayarwa da 'yan karɓi, akwai tafi, kiɗan yakan zauna a kan tushe ɗaya yana juyawa maimakon ya yi ta sauya hawa, kuma gudunsa na ƙaruwa yayin da waƙa ke tafiya, kamar yadda makaɗan biki ke yi idan rawa ta yi daɗi. Kuma gaskiya ne a wuraren biki ake kaɗa shi a Agadas. Etran de L'Aïr, waɗanda su ma suka fitar da albam a Satumbar 2024, 'yan gida ɗaya ne da suka yi suna a bukukuwan garin.

Amma ɗan Illela ya mayar da tambaya wadda har yau ba wanda ya amsa: idan ɗan Dublin ya yi waƙa da karin harshen garinsu, da salon ƙasarsu, ana ce masa ɗan rok, me ya sa ɗan Tahoua idan ya yi haka sai a nemo masa wani akwati? Ga misalai. Tinariwen na Mali, iyayen wannan salo, sun ci Grammy a 2012 da albam ɗinsu Tassili, amma a rukunin "kiɗan duniya". Bombino na Agadas ya shiga takarar Grammy da Deran na 2018, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan, shi ma a wannan rukunin. A 2020 an sauya wa rukunin suna, amma aikinsa bai sauya ba: a ciki ake zuba mai jita daga Sahara da mai ganga daga Legas da mai sarewa daga Indiya. Sauran rukunoni da irin kiɗan ake raba su, wannan kuwa da inda aka haife ka.

Sai daga baya na gane abin da ya sa maganar ta yi masa zafi haka. A Funeral for Justice ana waƙa ne da Tamashek a kan halin da Nijar ke ciki, a kan harshen da yara ke bari yana ɓacewa, a kan Faransa da abin da ta kwasa. An gama ɗaukarsa kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma juyin ya rutsa da ƙungiyar tana Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci. Abokin namu shi ma a watannin nan iyaka a rufe take tsakaninsa da kakarsa, tafiyar da ba ta kai ta kilomita ashirin ba, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mutumin da ya ga wannan, ka ce masa abin da yake ji "kiɗan biki" ne kawai, ai dole ransa ya ɓaci. Kwana biyu ba su gaisa da ɗan kwamfuta ba.

Lissafi uku a shafi ɗaya

Wadda ta warware mana ƙullin ba ma mai jin rok ba ce. Wata 'yar sashen akanta ce da ta same mu a gindin bishiyar bakin laburare muna ci gaba daga inda muka tsaya. Ta saurara na ɗan lokaci ta ce, "Ku fa lissafi uku kuke yi a shafi ɗaya, shi ya sa ba zai taɓa daidaita ba." Muka ce, "To Hajiya, raba mana." Ga yadda muka ƙare da su bayan an yi ta gyara:

Tambaya ta farko: wanne ka fi kunnawa? Wannan ba a musu a kanta. Wayarka ce shaida, kuma ba wanda zai ce ka yi kuskure.

Ta biyu: wanne aka fi ƙwarewa wajen yinsa? Nan ana iya kawo hujja. Akwai waƙar da za a cire ba a ji asara ba? Jerin ya tafi daidai? Ana jin kowane kayan kiɗa, ko wani ya danne wani? Ƙarshen ya biya bashin da farkon ya ɗauka?

Ta uku: wanne ya kawo abin da babu shi a da, ko ya faɗi abin da ke da nauyi a shekarar? Wannan ita ce mai wuya, don sau da yawa sai bayan shekaru ake ganin amsarta.

Da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi yawancin rigimar ta watse. Ɗan kwamfuta tambaya ta farko yake amsawa tun da fari, ɗan lantarki ta biyu, ɗan Illela ta uku, kowa na ganin ɗan'uwansa ya kauce hanya. A ta farko Linkin Park ya samu mutum biyu, saura kowa ya riƙe nasa. A ta biyu The Cure ya samu uku, har da ni, duk da ba shi na kawo ba. A ta uku muka sake zama muka ji Funeral for Justice gaba ɗaya, waƙa tara, ƙasa da minti arba'in, wayoyi a kife. Mutum huɗu suka ba shi. Ɗan lantarki ya ƙi sakin Jack White, kuma haƙƙinsa ne. Ɗan kwamfuta kuwa, da aka zo wani wuri da jitar ta haukace, cewa ya yi, "Wallahi wannan ko Amurka sai a hankali." Bai ce a yafe masa ba, amma da daddare shi ya sayo shayi da burodi.

Ga mai son gwadawa

Wasu na gudun rok saboda hotunan da suke gani, baƙaƙen kaya da zanen jiki da ƙoƙon kai. Akwai masu wannan, akwai kuma masu waƙar da ni kaina ba zan kunna ba. Amma gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma tacewar da kake yi wa waƙar Hausa ko ta Legas ita za ka yi a nan: ka nemi ma'anar abin da ake faɗa, ka ɗauki wanda ya dace da kai.

Idan za ka fara, shawarata ka ware minti arba'in, ka sa abin ji a kunne biyu, ka kashe sanarwar WhatsApp. Ji na farko ka bi ganga da bes kawai, su ne ƙashin bayan. Ji na biyu ka bi jita. Sai a na uku ka nemi kalmomin. Kada ka yanke hukunci kafin na ukun, don albam da yawa sai a nan suke buɗewa, wasu kuma a nan suke tonuwa. Wanda kunnensa ya saba da gurmi ko kuntigi ko garaya, ina ganin ta Agadas zai fi saurin shiga, daga nan ya wuce Dublin da Detroit.

Mu dai mun riga mun buɗe sabon shafi na 2025, kuma an fara rigima tun yanzu, don Mdou Moctar ya sake fitar da waƙoƙin nan a ƙarshen Fabrairu da jitar da ba ta lantarki ba, da sunan Tears of Injustice, ɗan lantarki kuma ya ce in babu amfilifaya babu rok. Duk mai ganin mun yi son kai a zaɓen 2024, ya rubuto nasa jerin ga editan wannan mujalla, amma ya faɗa mana wace tambaya cikin ukun yake amsawa, kuma ya tabbata ya ji albam ɗin har ƙarshe.